Shirun Ƴar Fari

Abin nan ya faru a shekarar da aka ɗaure bakin rijiyar garinmu da siminti, damina biyu ke nan bayan rasuwar Malam, mai gidana, Allah ya jiƙansa. Ita ce shekarar da wake ya yi albarka har rumbuna suka kasa, muka koma zuba shi a randunan ruwa. Duk wani tsoho na ƙauyukan Yekuwa in ka tuna masa zai gyaɗa kai. Salula ta riga ta shigo amma ba ta cika gari ba. A unguwarmu tawa ce ta fari, ɗana da ke ɗinki a Damagaram ya aiko mini. Rediyo kuwa ya girme ta nesa. Malam ya sayo shi a kasuwar Mallawa tun ƙafafuna na kai ni rijiya su dawo da ni da tulu a ka ban tsaya hutu ba.

Ni ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko, ko ƙofarta ban taɓa leƙawa ba, amma ban yarda akwai wanda ya fi ni sanin rediyo a yankin nan ba. Malam nasa labarun duniya ne, safe da maraice, ya kara shi a kunne yana girgiza kai kan ƙasashen da bai san gabasinsu ba. Tsakar rana kuwa tawa ce, tun yana raye. Da an sallame azahar sai in ɗauko rediyon daga kan gado, in yaye ƙyallen da na ɗinka masa, in rataye shi a reshen bedi, dogon yaron da ke tsakar gidana, in ja ƙarfensa in ɗaura masa waya zuwa kan rumbu. In pil, wato batirinsa, ya yi sanyi in shanya shi a rana kamar kuɓewa. Kafin kiɗan buɗe shiri ya ƙare mata sun cika inuwa, kowa da aikinta: mai ɓarar gyaɗa, mai saƙar tabarma da kaba, mai tsince riɗi, mai kitso da wadda ake yi wa.

Ta ƙarshen zuwa kullum ƙawata ce, Bafulatana. Rugarsu na bayan gonakinmu, suna noma suna kiwo. Takan zaga gari da nono, ta tsara zagayen yadda ƙofata za ta zama ta ƙarshe. Ta sauke ƙwarya tana haki ta ce, "Ke Kaɗo, matsa mini, ya fara?"

In ce, "Fillo, da kin rage ruwan da kike ƙara wa nonon nan da kin iso da wuri. Nauyinsa ke hana ki sauri."

Ta ce, "Ruwan rijiyarku ne, abinku na maido muku."

A yi dariya, sannan a yi tsit, don ga muryar mai shirin ta fito.

Shirin gaisuwa ne, na wani ƙaramin gidan rediyo na nan yankinmu. Mai shirin har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma ko cikin hayaniyar kasuwa ya yi tari zan ce shi ne. Ba ya gaggawa. In ka kira sai ya tambaye ka ruwa, ya tambayi shuka, ya tambayi ƙafar da ka ce masa tana ciwo tun kaka. Ya san garin da rijiyarsa ke da zurfi, ya san inda amalanke ke kafewa in damina ta yi nisa. In rasuwa aka yi yakan sauke murya ya kashe kiɗa, ba ya wucewa sai an shafa fatiha. In cigiyar akuya ce ya tambayi launin kunnenta kamar tasa ce ta ɓata. Kuma ba ya makara. Mu a unguwarmu mun daina duban inuwa don sanin lokacin daka. In ya yi sallamar rufe shiri, kowa ta kaɗe zanenta ta nufi turminta.

Ni kuwa in na kira, ƙasa ta san na kira. Rezo, wato layin da salula ke kamawa, a gidana wuri ɗaya yake samuwa, gefen rumbu, shi ma sai an ɗan yi sama. Sai in kife turmi in hau, ƙawata ta riƙe mini ƙugu kada in faɗi, wata ta rage muryar rediyon don kada ya yi kuka. Da ya ji ni sai ya ce, "A'a! Inna ta gindin bedi! An hau turmin?"

In ce, "An hau, ɗan nan."

"To bismilla, fili naki ne."

Sai in jero. Ba na tsallake babba in gaida ƙarami. Liman, mai gari, ungozoma, dangin Malam gari bayan gari, dangina, ƴaƴana na Damagaram da na ƙetaren iyaka, surukai a dunƙule, jikoki, maƙera, mai haƙar rijiya, in rufe da mai amalanken da ke kai mu kasuwa, shi da shanunsa biyu. Duk daga ka, kuma ban taɓa maimaita mutum ko in manta shi ba. Akwai matan da ke kiran shirin ba don komai ba sai don su ce a gaida Inna mai dogon jeri.

Mutum ɗaya ce ba ta cikin jerin nan: ƴar farina.

Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. A yadda aka tashe mu, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta dubi ƙasa wani ya amsa. Kunya ce, kuma daraja ce. Uwata ta yi wa yayanmu, kakata ta yi wa nata. Da aka yaye yarinyar, ƙanwar Malam ta ɗauke ta riƙo zuwa garinsu, can wajen Guci. A can ta girma, a can aka aurar da ita. Goggon tata take kira Inna, ni kuwa Yaya take ce mini, yadda ƴan fari ke yi. In ta zo gida ba na ce mata sannu da zuwa. Amma wa ke tsintar tsokar cinya a ƙarƙashin tuwonta? Wa nake shimfiɗa wa sabuwar tabarma in wuce kamar ban san wanda ya shimfiɗa ba? Tana gani, ina gani, ba a magana. A wajena wannan ya isa, har ya yi yawa.

Bayan an gama roron wake sai goggon tata ta zo mana kwana biyu. Mace ce mai baki, tsakanina da ita wasa ne tun ina amarya. Ta zauna da mu a gindin bedi, na hau turmi na jero gaisuwata, na sauko ina jiran yabo.

Ta ce, "Matarmu, har da shanun mai amalanke?"

Na ce, "Har da su. Suna kai ni kasuwa. Ke kina kai ni?"

Ba ta yi dariya ba. Sai da mata suka watse ta jawo tabarmarta kusa da tawa.

Ta ce, "Kin san can wajenmu ma ana kama gidan rediyon nan?"

Na ce na sani.

"Kin san a gidan ƴarki matan unguwa ke taruwa su saurara, kamar yadda ake yi a nan?"

Wannan ban sani ba.

Ta ce, "Kullum in muryarki ta fito sai su ce, ga Yayarki, ga Yayarki. Ta ajiye abin da ke hannunta. Ki jero, ki jero, ki kai kan shanu, ki yi sallama. Sai kowa ta sunkuya kan aikinta. Tsofaffin cikinsu sun gane. Yaran matan ba su gane ba. Ran nan wata ta buɗe baki ta ce mata, ashe ke ko shanun ba ki kai ba."

Na ce, "Wace marar kunya ce wannan?"

"Ƙyale marar kunya. Ƴarki dai tun ranar ta murɗa rediyonta zuwa sabon gidan nan mai kiɗa, ta ce surutun tsofaffi na sa mata ciwon kai. Matan suka koma taruwa a wani gida. Kuma ta ce bikin autarki da za ku yi bayan sallah a yi mata haƙuri, ayyuka sun yi mata yawa."

Na ce, "Ita ba ta san kunya ba ne? Ke kika rene ta, ba ki koya mata ba?"

Ta ce, "Ta sani sarai. Amma matarmu, a tsakar gida tana ganin tsokar da kika sa mata. A rediyo wace tsoka za ta gani? Can abin da aka faɗa shi kaɗai ake ji."



Wani zai ce, to ki kira ta mana a salular mijinta. In kira in ce me? Ni da ita ba mu taɓa zama mun yi hira ba, ba kuma yau za a fara da ƙarfe a kunne ba. Sannan abin a gaban mata aka yi mata shi, a gaban mata ya kamata a wanke mata shi. Washegari na gaya wa ƙawata. Ta ce, "Bari ni in kira in faɗi sunanta, in ce ke kika aiko ni." Goggo ta ce ina, wannan gaisuwar Fillo za ta zama, har a tambayi ko da man shanu ta aiko. Ƙawata ta harare ta, ta juyo ta ce mini, "To tunda yarinyar ta koma wancan gidan, ki bi ta can. Ki rufe ido ki faɗi sunan sau ɗaya. Mu da muka fi ku kunya ma ba a taɓa binne wata don ta faɗa ba."

Goggo ta koma garinsu, ni kuma na kwana ina juya maganar, na wayi gari na ce zan yi.

Sabon gidan rediyon babba ne, muryarsa tar ko ba ka ɗaura waya ba. Kiɗa tun safe, da samari biyu masu magana kamar ana korarsu. Matan gari da yawa sun karkata can, ni kuwa na sha cewa ƙafata ba za ta taka ba. Ranar dai na sa amaryar maƙwabcinmu, wadda ta ɗan yi lakkwal, ta saka mini lambarsu. Na hau turmi, ƙawata ta riƙe ni.

"Alo, wa ke magana, daga ina?"

Na ce, "Salamu alaikum. Ina wuninku, yaya gida, yaya..."

"Lafiya lau, Hajiya. Wa za a gaisar?"

Ban je Makka ba, amma na bar shi da Hajiyarsa. Na ce, "Wata ce a wajen Guci."

"Sunanta?"

Wallahi na yi niyya. Sunan ya taso tun daga cikina, ya zo nan maƙogwaro ya tsaya kamar lomar ɗumamen da ba miya. Ni na ji shi da kunnena ranar da aka raɗa mata, amma harshena bai taɓa bin hanyarsa ba.

"Hajiya, sunanta? Mutane na jira."

Sai ɗayan ya ce, "Ta manta! To Hajiya, in kin tuna ki sake kira." Suka kwashe da dariya, kiɗa ya rufe ni.

Ba na cewa da mugunta yaran suka yi. Ba su san ƙasar da suke magana da ita ba ne. Na sauko, ƙawata ta ce, "Kaɗo, yau na ga ranar da bakinki ya mutu." Na ce, "Bai mutu ba, baƙunta ya je." Na sa amarya ta goge lambar nan take ta maido mini tawa. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. In yarinyar na saurare, me ta ji? Ta ji an ce uwarta ta manta sunanta, a gaban duk wanda ke da rediyo daga nan har Dungas. Na je gyara na ƙara ɓatawa. Ranar ko tuwo ban iya tuƙawa da kyau ba, sai da ya yi gudaji.

Washegari da azahar na koma gidan rediyona na kullum. Ban shirya komai ba, kada ku ce dabara na yi. Na hau, ya ce fili nawa ne, na jero tun daga liman har na kai kan shanu. A nan nakan ce, shi ke nan ɗan nan, na gode. Ranar ban faɗa ba. Na tsaya da salula a kunne.

Ya ce, "Inna, kina nan?"

"Ina nan."

"Rezo ne ya gudu?"

"Ba rezo ba ne."

"Akwai saura ke nan."

"Akwai."

"Ta wane gefe?"

"Wajen Guci."

Sannan ya sauke murya ya ce, "Inna, wadda baki ba ya kamawa ce?"

Na ji ƙawata ta ƙara matse mini ƙugu.

Sai ya ce, "Jama'a masu saurare, mai taɓarya ta jingine, mai allura ta soke a zane. Inna ta gindin bedi na da gaisuwar da ba a yi da baki. Ni ma ɗan fari ne. Tsohuwata har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, kuma na san duk cikin ƴaƴanta ba wanda ta so kamata. Don haka zan kashe kiɗa, ni ma in kama bakina. Ke ƴar farin Inna da ke wajen Guci, abin da za ki ji yanzu naki ne ke kaɗai."

Ya yi shiru. Gidan rediyon ɗungurungum ya yi shiru. Duk wanda ya san rediyo ya san ba ya shiru sai in pil ya mutu ko injin gidan ya tsaya. Ina kan turmi ina jin iska a cikin salula, ina jin kurciya a kan bedi. Mai ɓarar gyaɗa ta tsaya da gyaɗa a tsakanin yatsu. Ban san tsawonsa ba, amma ya isa mutum ya sha ruwa ya ajiye moɗa, ya huta, ya sake ɗauka.

Sannan ya ce, "Ta isa, Inna?"

Na ce, "Ta isa, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce, "Amin. Sai dai shanun mai amalanke sun aiko da ƙara, sun ce tasu gaisuwar ba ta taɓa kai wannan tsawon ba."

Dariyar da aka yi a gindin bedin nan har kaji suka watse. Na sauko daga turmin kamar yarinya.

To amma wadda aka yi domin ta ba ta ji ba, rediyonta na wancan gidan. Daga baya goggo ta ba ni labarin yadda aka yi. Matan da ke taruwa a ɗaya gidan sun ji, suka ɗauki rediyo suka ruga, wata ko mayafi babu. Kafin su isa an wuce, ana cigiyar tunkiya. Suka shiga suna haki suna cewa, "An yi miki shiru a rediyo! An yi miki shiru!" Ta dube su ta ce, "Ai kullum ma shirun ake yi mini." Ta ci gaba da tankaɗenta. To ta yaya za ka ɗauko shiru daga wani gida ka kawo wa mutum?

Ni a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani ba saƙon da ya zo. Sai na ci gaba. Duk ranar da salula ke da wuta in hau in jero, in na kai ƙarshe ya ce, "Akwai saura?" in ce akwai, ya kashe kiɗa. Ban taɓa roƙonsa ba, bai taɓa mantawa ba, bai kuma taɓa gajarta shi don wani na jira ba.

Kafin a jima abin ya zama na kowa. Wani tsoho daga wajen Dungas ya kira ya ce, "Malam, ni ma a yi mini irin na Inna, nawa yana ci-rani." Wata daga Mallawa ta kira, ita ko maganar ba ta iya ƙarasawa ba, shi ya ƙarasa mata. Ranar da ta fi ba ni dariya ita ce ranar da ƙawata ta ajiye ƙwarya ta ce, "Kaɗo, sauka, ba ni turmin." Ita da ke cewa magana a rediyo aikin marasa shanu ne. Ɗan farinta ya yi kudu da garke tun kaka. Ta hau, ni na riƙe ta, ta ce, "Salamu alaikum, akwai saura." Ko gaisuwa ɗaya ba ta yi ba ta fara da saura! Mai shirin ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya yi mata nata shirun cikakke. Da masu nema suka yi yawa sai ya haɗa su, ya riƙa yin shiru ɗaya a ƙarshen shiri don duk ƴan farin ƙasar. Amma nawa ya bar shi a wurinsa. Ya ce na Inna daban ne, ita ta buɗe hanya.

Sallah ta zo ta wuce. Muka shiga shirin biki, ana surfe ana daka, ana jeren ƙwarya da tasoshi. Ni ina ba da umarni da baki, idona na kan hanyar gabas. Duk amalanken da ya ɓullo sai in sami dalilin leƙa ƙofa. Ban tambayi kowa ba, ba kuma wanda ya isa ya tambaye ni.

Wata azahar ina zaune da faifan riɗi a cinya, ban ma kira ba ranar, sai na ji ya ce, "Muna da baƙuwa yau, daga wajen Guci. Bismilla."

Kafin ta ƙarasa sallama na san ta. Yadda ubanta ke jan ƙarshen magana haka take ja. Ta gaida limaminsu, ta gaida mai garinsu, ta gaida Innarta, wato goggo, ta bi dangin mijinta ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami, ba gargada. Ƙawata ta zungure ni ta ce, "Ji jeri! Wannan ba sai an tambayi wa ta haifa ba." Sai muryar ta tsaya.

Ya ce, "Akwai saura?"

Ta ce, "Akwai."

"Ta wane gefe?"

"Wajen Yekuwa. Yaya ce, ta gindin bedi. A ce mata na ji. Jiya na ji, shekaranjiya ma na ji."

Ya ce, "Ni ba ɗan aike ba ne yau. Faɗa mata da kanki, tana ji. Na tabbata yanzu haka ta saki abin da ke hannunta."

Kuma gaskiyarsa, faifan na ƙasa, riɗi ya bi rairayi.

Ta ce, "Yaya, ina wuni. Ina nan tafe. Tandar wainar biki tawa ce, kada a ba kowa."

Matan suka rangaɗa guɗa, mai kitso ta saki kan da take yi ta tashi tana rawa, wadda ake yi wa ta bi ta da rabin kai a tsefe. Ni kuwa na yi abin da ya kamata. Na dubi ƙasa, na shiga tsintar riɗina ɗaya-ɗaya.

Ƙawata ta ce, "Kaɗo, idonki na ruwa."

Na ce, "Hayaƙi ne."

"Ba a hura wuta ba."

"Na maƙwabta ne."

Ashe goggo ce ta gaji da kallo. Ta shiga gidan yarinyar wata azahar ba sallama, ta murɗa rediyon da hannunta, ta zauna a kan wayarsa ta ce duk wanda ya isa ya tashe ta. Ƴar tawa ta ji jerin, ta ji shanu, ta miƙe za ta shiga ɗaki, sai ta ji an ce akwai saura. Goggo ta ce a tsaye ta saurari shirun, da rariya a hannu. Washegari ƴar tawa ce ta riga kowa kunnawa.

Ƴar tawa ta zo ana saura kwanaki biki, da ɗanta na fari a gefenta, tana ƙwala masa kira da sunansa tun daga bakin gari, ko a jikinta. Na ce wa goggo, "Kin ga renonki?" Ta ce, "Zamani ne, matarmu, ke ma ga ki a rediyo." Da azahar yarinyar ta zo ta zauna cikinmu. Na tashi zan hau, ƙawata ta yunƙura, sai ta ga yarinyar ta riga ta, ta koma ta zauna tana murmushi. Na jero har ƙarshe.

Ya ce, "Akwai saura?"

Na ce, "Akwai."

"Haba Inna, ba an ce ta iso ba?"

"Ta iso. Ita ke riƙe da ni."

"To a yi shirun, ko a bari?"

Na ce, "A yi."

Aka yi. Ina sama tana ƙasa, hannunta a ƙuguna, ba wadda ta dubi wata. Waina kuwa ta yi kyau a bikin, har dangin ango suka tambayi wa ta toya, wani ya amsa musu.

Yanzu gidajen rediyo sun yi yawa, ga masu sola, ga waɗanda ake cusa wa waƙoƙi a ɗan kati. Jikokina kan ce, Kaka, ga wanda ya fi fita tar, ga wanda ake raba kyauta. In ce su je su sha kyautarsu. Rediyon Malam ya mutu tuntuni, na yi wani, shi ma ya mutu na yi wani, amma kowanne ranar da ya shigo gidan nan ake kai allurarsa wuri ɗaya a bar ta. Mutumin da ya gane abin da nake nufi ban faɗa ba, ya kuma tsayar da gidan rediyo guda domina, in bar shi in koma wa wa?

Goggo ta rasu, Allah ya haskaka kabarinta. Ungozoma ta rasu, mai haƙar rijiya da mai amalanke sun rasu, mai kitso ma bara waccan muka yi zaman makokinta. Mai shirin yana nan. Murya ta gaji ya miƙa wa wata yarinya aikin, ita ma tana kashe kiɗa a ƙarshe yadda ya koya mata, shi kuma yanzu kira yake yi kamar kowa, kuma ba ya rufewa bai gaishe ni ba. Ƙawata tana nan, ido ya yi rauni, ta bar tallan nono, amma sanda na kawo ta kowace azahar, bakin nan kuwa bai rage komai ba. Ƴar farina tana nan wajen Guci, ta yi furfura, ta yi jikoki. Sai ni. Mu huɗu muka saura cikin waɗanda suka san yadda aka fara, sauran sai addu'a.